DARAJAR WASIƘAR DA AKA RUBUTA DA HANNU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam ta hanyar alƙalami, Ya kuma yi rantsuwa da shi a farkon Suratul Ƙalam domin bayyana girmansa. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa zai yi magana ne a kan wani abu da mutane da yawa suke ɗauka zamaninsa ya wuce, wato wasiƙar da mutum ke zama ya rubuta da hannunsa. A nan ƙasar Agiye da Gazawa da Gidan Runji da wuya a sami unguwar da ba ta da ƴaƴa a wajen ci-rani, wasu a Kano ko Legas, wasu a Agadas, wasu sun ƙetare hamada zuwa Libiya da Aljeriya. Tun daga farkon shekarun 2000 da wayar salula ta fara yaɗuwa a ƙasarmu, Allah Ya sauƙaƙa mana jin muryar junanmu, kuma wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya. Sai dai a yau har bashi da ajiya da wasiyya da nasihar uba ga ɗansa duk sun koma saƙon murya. Idan wayar ta faɗa ruwa, ko aka sace ta, ko mai ita ya rasu ba a san lambar buɗe ta ba, sai maganar ta tafi tare da ita, a bar magada suna gardama a ƙofar liman ko a fadar hakimi. Saboda haka muka ga ya dace mu tunatar da kanmu matsayin da rubutun hannu yake da shi a addininmu.

MA'ANAR KALMAR WASIƘA

Kalmar wasiƙa Hausa ta aro ta ne daga Larabci, daga "wasiiƙa" da ake rubutawa da harafin sa'un mai ɗigo uku, kuma tushenta yana nufin ɗaure abu tamau da kuma amincewa da shi. Daga wannan tushe ne aka samo "siƙa", wato mutum amintacce wanda malaman Hadisi ke karɓar ruwayarsa, da kuma "misaƙi", wato alkawari mai ƙarfi. Ke nan tun a wajen sanya suna magabatanmu sun fahimci cewa wasiƙa magana ce da aka ɗaure don kada ta kuɓuce, kuma amana ce a wuyan wanda ya rubuta ta, da wanda ya ɗauke ta, da wanda ya karanta ta.

WASIƘA A CIKIN ALƘUR'ANI DA SUNNA

A cikin Suratun Namli, daga aya ta 28 zuwa ta 31, Allah Ya ba mu labarin wasiƙar da Annabi Sulaimanu (A.S.) ya aika wa sarauniyar Saba'u ta hannun alhudahuda. Wasiƙar gajera ce, ta fara da sunan Allah, ta faɗi daga wanda ta fito, ta kuma bayyana abin da ake nema ba tare da kewaye-kewaye ba. Sarauniyar ta tara fadawanta ta karanta masu, ta siffanta ta da wasiƙa mai daraja, kuma ƙarshen al'amarin shi ne ta miƙa wuya ga Ubangijin talikai.

Bayan sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan Hijira, wato 628 Miladiyya, Manzon Allah (S.A.W.) ya aika wa sarakunan duniya wasiƙu yana kiransu zuwa ga Musulunci. Dihyatul Kalbi ya ɗauki ta Hiraƙala sarkin Rum, Abdullahi ɗan Huzafa ya ɗauki ta Kisra sarkin Farisa, Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya kai wa Muƙauƙisu na Masar, Amru ɗan Umayya kuwa ya kai wa Najjashi na Habasha. Da aka sanar da shi cewa waɗannan sarakuna ba su karanta takardar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa, aka zana sunansa da matsayinsa na Manzon Allah a kansa, yana buga shi a kan wasiƙunsa. Wannan zobe ya zauna a hannun Abubakar, sannan Umaru, sannan Usmanu (R.A.), har ya faɗa rijiyar Arisa. Kisra ya yaga tasa wasiƙar don girman kai, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi addu'a a kekketa mulkinsa, kuma haka aka yi.

Ya kamata mu lura da cewa Manzon Allah (S.A.W.) ba ya rubutu da hannunsa mai albarka, amma ya riƙi marubuta amintattu, har ya umurci Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana mayar da amsa, kuma Zaidu ya koye shi a cikin kimanin rabin wata. A nan akwai hujja ga wanda ya tura ɗansa ya koyi rubutun boko bayan na Larabci, da wanda bai iya rubutu ba ya nemi amintacce ya rubuta masa.

HUKUNCE-HUKUNCEN DA SUKA ISO MANA TA HANYAR WASIƘA

Da yawa daga cikin hukunce-hukuncen da muke aiki da su kullum, asalinsu wasiƙu ne da aka adana. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya kafa hujja da wasiƙar da Manzon Allah (S.A.W.) ya rubuta wa Amru ɗan Hazmi a kan cewa babu mai taɓa Alƙur'ani sai mai tsarki, kuma daga ita ne ya ruwaito ƙididdigar diyyar rai da ta gaɓoɓi. Nisabin zakkar raƙuma da awaki da tumaki ya zo dalla-dalla a cikin wasiƙar da Sayyidina Abubakar ya rubuta wa Anas ɗan Malik lokacin da ya tura shi Baharaini, kamar yadda yake a Buhari. Wasiƙar Sayyidina Umaru zuwa ga Abu Musal Ash'ari a kan aikin alƙalanci ta zama ginshiƙi ga alƙalan Musulunci har yau, domin a cikinta ya umurce shi ya daidaita tsakanin masu shari'a a wajen zama da kallo, ya kuma tabbatar da cewa kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa kuwa tana kan mai musu.

Kai, ko kalandar Hijira da muke lissafi da ita, wasiƙu ne sanadinta. Malaman tarihi sun ambata cewa Abu Musa ya koka wa Umaru a kan takardun da ke iso masa babu kwanan wata, ba a san wadda ta riga wata ba, sai Umaru ya tara sahabbai a wajen shekara ta 17 suka yi shawara, aka tsayar da shekarar Hijira ta zama mafarin ƙidaya.

Haka kuma littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu bayan Ahlari da Ishmawi da Iziyya, ma'anar sunansa ita ce wasiƙa. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996 Miladiyya, ya rubuta shi ne amsa ga wani malami mai karantar da yara da ya roƙe shi ya taƙaita masa abin da ya wajaba na aƙida da hukunci don ya koya wa almajiransa. Yau sama da shekara 1000 ke nan, kuma ga shi ana biya ta a Cadawa da Tibiri da Gangara. Da a ce da baki kawai ya ba shi amsa, da ta ƙare a kunnen mutum ɗaya.

WASIƘUN ƘASAR HAUSA

Ƙasarmu ma tana da nata rabo. A wajen shekara ta 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan, ya zauna a Kano, ya kuma rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wasiƙa a kan abin da ya wajaba ga sarki na tsare adalci da kula da dukiyar jama'a. A shekara ta 1493 Imamu Jalaluddini Suyuɗi ya aiko da wasiƙa daga Masar zuwa ga sarakunan wannan yanki, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahimu, yana yi masu wa'azi da tsoron Allah a cikin talakawansu. Birnin da aka aika wa wannan takarda shi ne tushen sarautar Katsinan Maraɗi, don haka nasihar tamu ce ta gado.

A zamanin jihadi, Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno ya rubuta wa shugabannin Sakkwato yana tuhumarsu a kan dalilin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, su kuma suka mayar masa da amsa. Muhammadu Bello ya kwafe wasiƙun Alkanemi tare da amsoshinsu a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na shekara ta 1812. Kowane ɓangare mutum ya fi karkata gare shi, akwai abin koyi a nan: malamai biyu sun yi saɓani mai tsanani, amma suka zauna suka rubuta hujjojinsu, kuma ɗayansu ya adana maganar abokin jayayyarsa har ta iso mana. Mu gwada wannan da yadda saɓani ke gudana a yau, inda ake yanko rabin maganar malami a watsa ta a wayoyi kafin a ji ƙarshenta.

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakuna suka riƙa aiko masa, aka fassara wasunsu aka buga a 1927, kuma da su ne masana ke gane halin da ƙasa take ciki gab da zuwan Turawa. A Yamai kuwa, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen da ke ajiye dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, wanda marigayi Bubu Hama ya aza harsashin tara su. Da yawansu an rubuta su ne da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro, a kan takardar da fatake ke kawowa daga Italiya ta hamada, mai tambarin jinjirin wata uku, aka adana su a cikin gafaka.

Iyayenmu ma da ba sarakuna ba ne sun san darajar wannan abu. Ɗan ci-rani yakan sami malami ya rubuta masa wasiƙa da ajami, ya naɗe kuɗin da zai aiko a ciki, ya ba direban da ya amince da shi a tasha ko ya kai gidan waya. A cikinta yakan faɗi adadin kuɗin, da wanda za a ba kowane kaso, da bashin da za a biya. Idan ta iso sai a kira mai karatu, a zauna a karanta a gaban mutanen gida, sannan tsohuwa ta karɓa ta sa a ƙasan adaka. Ta haka wasiƙa ɗaya ta zama gaisuwa, ta zama rasit, ta zama shaida. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to wanda nisa ya hana ƙafarsa zuwa, wasiƙarsa ita ce ƙafarsa.

MATSAYIN RUBUTUN HANNU A SHARI'A

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka ne a kan rubuta bashi. Allah Ya umurci muminai idan suka ƙulla bashi zuwa wani ajali su rubuta shi, marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi bashin shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubuta shi ko ƙarami ne ko babba. Mafi yawan malamai sun ɗauki wannan umurni a matsayin shiryarwa zuwa ga abin da ya fi, amma Allah da kansa Ya faɗi hikimarsa, cewa hakan ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya kuma fi nisantar da shakka. Don haka wanda aka ce masa a rubuta bashin da ya karɓa, kada ya ce an raina amanarsa.

Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umaru (R.A.) cewa bai kamaci Musulmin da ke da abin da zai yi wasiyya a kansa ba ya kwana biyu face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Sai dai malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi wani bayani da ya kamata kowa ya sani. Sun yarda a yi shaida a kan rubutun hannun mutum, wato adilai biyu da suka san hannunsa su tabbatar cewa shi ya rubuta wannan iƙirari na dukiya, ko da ya musanta ko ya rasu. Amma game da wasiyya sun ce ko an tabbatar rubutun mamaci ne, ba a zartar da ita sai in ya kafa shaidu a kanta ko ya ce a zartar, domin mai yiwuwa ne ya rubuta yana nazari daga baya ya janye. Saboda haka wanda ya rubuta wasiyya ya kira adilai biyu ya shaida masu, ya kuma tuna cewa ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji.

Haka nan mu sani rubutu yana ɗaure mutum kamar yadda harshe ke ɗaure shi. A mazhabarmu wanda ya rubuta saki da ƙudurin saki, to ya auku tun daga lokacin rubutawa, wanda kuma ya rubuta yana kai-kawo a zuciyarsa, to in takardar ta isa hannun matar ya auku. Wannan gargaɗi ne ga mai saurin fushi, ko da alƙalami yake rubutu ko da yatsa a kan waya.

Ta ɓangaren hukuma kuwa, dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga watan Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, waɗanda ke ba da takardar shaidar sayen gona ko kyautarta ko aronta ko jinginarta. A yankin da gonaki suka yi wa jama'a kaɗan kamar namu, aron gonar da aka yi da baki tsakanin aminai biyu shi ne ke zama shari'a tsakanin jikokinsu.

Wani zai ce ai rubutu ma ana ƙirƙira shi. Gaskiya ne, shi ya sa shari'a ta haɗa shi da shaidu. Amma mu sani a yau an sami na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum har iyalinsa su kasa bambancewa, ga shi kuma saƙon waya wanda ya aiko shi yana iya goge shi. Takardar da ke hannunka mai ɗauke da rubutun mutum da sa hannun shaidu biyu ba ta bukatar caji, kuma babu mai goge ta daga nesa.

LADUBBAN RUBUTA WASIƘA

Na farko, a fara da sunan Allah da sallama, a faɗi daga wane zuwa ga wane, kamar yadda sahabbai suke yi. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah kuwa ba a jefar da ita a juji, ba a ƙunshe ƙosai ko goro da ita.

Na biyu, a ba kowa girman da ya cancanta ba tare da wuce iyaka ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya kira Hiraƙala da babban Rumawa alhali ba Musulmi ba ne. To ina ga ɗa mai rubuta wa mahaifinsa, ko almajiri mai rubuta wa malaminsa?

Na uku, a sa kwanan wata da sunan gari, a rubuta adadin kuɗi da lamba da kuma kalmomi, a bambance jika da naira, don kada a bar ƙofar zato.

Na huɗu, a mayar da amsa. Imamul Buhari ya kawo a cikin Al'adabul Mufrad cewa Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) yana ganin amsa wasiƙa haƙƙi ne kamar amsa sallama.

Na biyar, wanda aka ba wasiƙa ya kai ta ga mai ita a rufe, domin buɗe ta yana cikin binciken asirin mutane da Allah Ya hana a aya ta 12 ta Suratul Hujurati. Wanda aka kira ya karanta wa wanda bai iya ba, haramun ne ya ƙara ko ya rage, ko ya fita da abin da ya gani zuwa majalisa.

Na shida, a natsu kafin a rubuta. Magana zarar bunu ce, amma mai rubutu Allah Ya ba shi damar da mai magana ba shi da ita, domin yana iya kwana da takardarsa, gari ya waye ya sake dubawa, in ya ga fushi ne ya rubuta ta sai ya yaga ta kafin kowa ya gani.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan'uwa, ba muna kira ba ne a ajiye waya. A yi gaisuwar yau da kullum da ita, a tambayi lafiyar marar lafiya, a sanar da rasuwa da haihuwa. Amma abin da ya shafi haƙƙin wani, ko abin da muke so ya wanzu bayanmu, mu mayar da shi kan takarda. Mai gida ya sami littafi guda ya rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa, ya sanar da amintacce inda yake. Ɗan da ke nesa ya rubuta wa iyayensa ko sau ɗaya a shekara, ko da ƴar takardar barka da salla ce mai layi biyar da hannunsa, domin tsoho yana iya ɗauko ta ya sa a sake karanta masa duk lokacin da kewa ta taso. Uba ya rubuta wa ƴaƴansa nasiharsa tun yana da ƙarfi, ta yiwu jikan da bai gan shi ba ya karanta ta ya yi masa addu'a. Malaman allo da na madarasa su koya wa almajirai tsara wasiƙa da ajami da boko. Wanda kuma ya gaji tsofaffin takardu daga iyayensa, ya fitar da su daga inda gara da yoyon damina za su ci su, ya naɗe su a wuri busasshe, ya ɗauki hotonsu da waya don ƙarin tsaro, amma kada ya yar da asalin.

Daga ƙarshe mu tuna cewa mu ma ana rubuta mana. Allah Ya wakilta mala'iku masu daraja suna rubuta abin da muke aikatawa, kuma ranar ƙiyama za a miƙa wa kowa takardarsa a ce ya karanta da kansa. Muna roƙon Allah Ya ba mu tamu a hannun dama, Ya sa abin da hannuwanmu suka rubuta ya zama hujja gare mu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka koya mana riƙon alƙalami, Ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.